Makaɗan Jaz da Zazzaɓin Indiya

Tun kafin 1968, shekarar da Buddy Rich, gwanin gangar jaz na Amurka, ya haɗa faifai da Alla Rakha mai kiɗan tabla, zazzaɓin Indiya yake bin makaɗan jaz. Sai dai kowa da yadda yake kama shi.

Akwai Malam Lissafi. Da ya ji cewa kiɗan Indiya zagaye yake yi, wani bugu 16, wani 10, wani 7, sai ya ajiye sanda ya kama ƙirga. Shehinsa Don Ellis ne, mai busa ƙahon da ya yi karatu wurin Harihar Rao har ya tsara kiɗa mai bugu 19. Ana gane shi a dandali da motsin leɓe da gumin goshi, kamar ɗan tiredar da kuɗin cinikinsa suka ƙi cika. Burinsa tihai: salo ɗaya a maimaita sau uku, ya dira daidai kan bugun farko. In ya dace, baki har kunne. In ya kuskure, sai ya harari mai jita.

Sai Mai Sambatu, wanda ya gano konnakol, kiɗan baka na kudancin Indiya. Steve Smith, tsohon makaɗin ƙungiyar Journey, ya koye shi da gaske. Shi kuwa namu, a mota takadimi, a gaban kwanon abinci takadimi, har uwargida ta fara nema masa tofi.

Mai Bokiti ya fi ban tausayi. Ya ga Trilok Gurtu, haifaffen Mumbai, zaune a ƙasa yana tsoma ƙararrawa cikin ruwa, sai ya ruga ya sayo bokiti. Bai tambaya ba, balle a gaya masa Gurtu tun yana ɗan shekara shida yake kan tabla, kuma mahaifiyarsa Shobha Gurtu shahararriyar mawaƙiya ce. Maƙwabta dai sun sha ƙara, tabarma ta sha ruwa.

Can gefe Ɗan Gargajiya yake, fuska a murtuke, yana cewa duk bidi'a ce. Haka ya faɗa a shekarun 1970, da John McLaughlin ya kafa ƙungiyar Shakti tare da Zakir Hussain ɗan Alla Rakha, Vikku Vinayakram na buga tulu. A 2024 Shakti ta ci kyautar Grammy, shekarar da Zakir Hussain ya rasu, kuma har yau Ɗan Gargajiya bai saki fuska ba.