Sabon Keke, Sabuwar Damina: Yadda Za Ka Zauna Lafiya da Sarƙarka

Barka da arziki, sabon mai keke. Allah ya sa ka kashe lafiya, ya tsare ka daga ƙusar hanya da ɗan acaɓa mai gaggawa. Sai dai ka yi sayayyarka a daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma daga watan Yuni zuwa Satumba, musamman cikin Agusta, hanyoyinmu ba su da sana'ar da ta wuce kwaɓa taɓo. Manomi na murna, kwaɗi na murna, kai ma ka yi murna. Amma akwai wadda damina ba ta yi wa daɗi a gidanka, wato sarƙar kekenka. Ita ce a ƙasa, ita taya ke watsa wa ruwa da yashi, ita ce kuma ba a tunawa da ita sai ranar da ta zame ana sauri za a makara.

Ka fara sanin wadda ke ɗauke da kai

Durƙusa ka dube ta da kyau, ba abin kunya ba ne. Kowace gaɓa tana da ƙarafa a gefe biyu, da 'yar ƙusa da ta ratsa su, da ɗan zobe mai juyawa a tsakiya. Tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ce, milimita 12.7. Haka take ko kekenka Raleigh ne irin na kakanni, wanda kamfaninsa ya taɓa samun masana'anta a Kano, ko Phoenix ɗan Shanghai, ko Hero ɗan Indiya. Sarƙar tana da asali, domin wani injiniya mai suna Hans Renold ne ya ƙirƙiro irinta a Manchester a 1880, kuma a 1885 John Kemp Starley ya fito da kekensa Rover a Coventry, mai sarƙa zuwa tayar baya, wanda duk kekunan yau jikokinsa ne. Wadda ta haura shekara 140 tana jan mutane ta cancanci a gaishe ta da safe.

Abin da za ka riƙe shi ne, duk gogayyar sarƙa a ciki take, tsakanin ƙusa da zobe. Can take cin kanta, can take buƙatar mai. Bayanta kuwa ba ya son komai sai tsabta.

Tsumma ya fi kowa daraja

Kafin ka sayi ƙararrawa mai amo biyu, kafin ka liƙa wa keken madubi da furen roba, nemi tsumma. Tsohuwar singileti ta isa, amma ka tambayi uwargida kafin ka yaga wani abu, kada gyaran keke ya koma shari'ar zane.

Duk ranar da ruwa ya doke ka, kana isa gida, ka jingine keken, ka kama sarƙar da tsumma ta ƙasa, ka juya feda baya da ɗaya hannun. Za ka ga tsumman ya fito baƙi ƙirin, da tsakuwoyi ƙanana suna ƙyalli a jikinsa. Juya wani gefen ka sake, har sai ya daina baƙi sosai. Ka nisanta yatsunka daga haƙoran firiwil, domin ba su san mai gida ba. Aikin bai kai tsawon tafasar shayi ba. Wanda ya ce sai gobe kuwa, da safe zai tarar tsatsa ta riga shi tashi, ta shafa wa sarƙar jan lalle.

Wanka, amma na hankali

Idan taɓo ya yi kauri, tsumma kaɗai ba zai iya ba. Zuba kananzir kaɗan a gwangwani, ka samo tsohon buroshin haƙori, wanda mai shi ya tabbatar maka ya sallama, ka bi gaɓoɓin kana gogewa, ka bi haƙoran gaba da na baya. Daga nan ka share, ka bari ta bushe sarai. Kada ka yi da fetur, domin tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya tara maka unguwa.

Abu biyu ka kiyaye. Na farko, kada ka kai keke wurin wankin mota a sa masa ruwan inji mai ƙarfi. Ruwan zai kutsa cikin boris na wili da na feda, ya kore giris, ya zauna a gurbinsa. Na biyu, kada ka tura shi cikin rafi ko kududdufi wai ya yi wanka gaba ɗaya. Bokiti, soso da ɗan sabulu sun wadatar, a zuba ruwan a hankali daga sama.

Wane mai, kuma nawa?

Nan ne ake yawan samun saɓani a majalisa, kowa da fatawarsa.

Man gyaɗa da manja, a bar wa ƙosai da miya. A jikin sarƙa daskarewa suke yi su zama danƙo, su kama ƙura, ga tururuwa na zuwa gaisuwa. Baƙin mai da aka juye daga injin mota araha gare shi, shi ya sa yake da farin jini, amma cike yake da garin ƙarfe da dattin da injin ya gaji da shi. Araha ba ta ado. Giris ya yi kauri, ba ya shiga cikin zobe, sai dai ya tsaya a waje yana tara yashi. Man feshin nan WD-40 gwani ne wajen korar ruwa da sassauta tsatsa, sai dai ba ya daɗewa, don haka idan ka fesa shi ka biyo bayansa da mai na gaske. Man keken ɗinki yana da tsabta, amma tsinkakke ne, ruwan sama ɗaya ke tafiya da shi.

Wanda ya fi dacewa shi ne man sarƙa da aka yi musamman don lokacin ruwa, mai ɗan kauri da kama jiki. In babu shi a kasuwarku, sabon man inji mai tsabta zai yi aiki. Cikin murfin kwalba ya ishe ka.

Ga yadda ake yi. Samo tsohuwar kwalbar magani mai ɗigo, ko ka tsoma tsinke. Ka sa alama a gaɓa ɗaya don ka san inda ka fara. A sashen sarƙar na ƙasa, ta cikinta, ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, kana matsar da feda baya sannu sannu. Gaɓoɓin sun haura ɗari, don haka ka samu kujera 'yar tsugunno. Idan ka zagayo, juya fedar sau da yawa, ka saurari yadda ƙarar ke raguwa har ta koma ɗan sululu. Ka bar ta ta huta mintuna kaɗan man ya ratsa. Sannan, kuma nan ne sirrin yake, ka ɗauki busasshen tsumma ka goge bayanta tas, har idan ka taɓa ba za ka ga mai sosai a yatsa ba.

Sabon mai keke yakan ji zafin wannan gogewar, yana ganin asara ce. Ba asara ba ce. Man da ya rage a waje yashi yake kamawa, mai da yashi kuwa idan suka haɗu aikin dutsen wasa wuƙa suke yi, suna cin sarƙa da haƙora kana tafe kana fito. Sarƙar da ke ɗigar da mai ba ƙoshi ta yi ba, wahala aka ɗora mata.

Ka koyi jin maganarta

Sarƙa ba ta ɓoye damuwa. Idan tana tsuwa, ƙishin mai take ji. Idan tana gurzawa ƙaras ƙaras, yashi ne, wanki take so. Idan tana tsalle a kan haƙora lokacin da ka taka da ƙarfi, ko wata gaɓa ta ƙage, ko tsufa ya zo.

A keken da ba shi da giya, danna tsakiyar sarƙar da yatsa. Ya kamata ta motsa sama da ƙasa kimanin santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. In ta wuce haka, sassauta notocin tayar baya da sifana, ja tayar baya kaɗan, ka tabbatar ta tsaya a tsakiya, ka ɗaure. Kada kuma ka ja ta ta yi tsam, domin hakan boris yake ci.

Tsufanta kuma ana aunawa. Ari ma'aunin ƙarfe wurin kafinta, ka ɗora a tsakiyar wata ƙusa, ka ƙirga tazara 24. A sabuwar sarƙa inci 12 ne cif. Idan ta zarce da kimanin milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. Idan ta kai milimita uku, da wuya ba ta cinye haƙoran firiwil ba, kuɗin ya zama biyu. Don haka idan mai gyara ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan ta gama aikinta," kada ka ce masa, "Haba Oga, lallaɓa min ita." Saya kawai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maƙwabtan sarƙa

Birki ne babba a cikinsu. Idan ƙarfen wili ya jiƙe, musamman mai ƙyallin nan na tsofaffin kekuna, robar birki sai ta fara share ruwan kafin ta kama. Saboda haka ka rage gudu, ka fara matsawa tun daga nesa, da hannu biyu, kafin akuyar da ke tsallaka titi ta yanke shawara. Kada ɗigon mai ko ɗaya ya taɓa ƙarfen wili ko robar. Ka riƙa cire tsakuwar da ta maƙale a robar, ka canja ta idan ta suɗe.

Murfin sarƙa da murfin taya, bar su inda ka gan su. Samari kan cire su wai keke ya fi kyau, sai ranar Juma'a tayar baya ta zana musu layin taɓo daga ƙugu har ƙeya a kan farar shadda. Murfin sarƙa kuma shi ke raba ta da ruwa, ya raba ta da ƙafar wandonka. In babu shi, naɗe wandon, ka tattara babbar riga a cinya.

Taya ta fi yin faci da damina, domin ruwa na kwaso ƙaya da fasassun kwalabe zuwa hanya, kuma jiƙaƙƙiyar roba ta fi saurin hudawa. Ka duba iska kafin ka fita. Ruwan da ba ka ga ƙasansa ba kuwa, sauka ka kewaye, don ba ka san ko bakin kwalbati ne a buɗe ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Makwanci da masu aro

Keke ya kwana a zaure ko ƙarƙashin rumfa, nesa da indararo. Kada ka lulluɓe shi da leda yana jiƙe, domin danshin zai kwana tare da shi.

Saura masu aro, waɗanda ba sa ƙarewa: ƙane, ɗan maƙwabci, abokin da zai je nan kusa ya dawo bayan isha'i. Ka ba su, zumunci ya fi keke. Amma ka ɗaure tsumman a ƙarƙashin sirdi, ka kafa doka a bayyane cewa duk wanda ruwa ya doka a kan keken nan, sai ya goge sarƙa kafin ya ce na gode. Wannan keke shi zai kai yaro makaranta, ya kai taki gona, ya ɗauko buhu daga kasuwa, kuma abin da yake nema a wurinka bai wuce goga bayan ruwa da ɗigon mai a mako ba. Ka biya shi haƙƙinsa, ka koya wa na bayanka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.