Amsa Sallama Da Tiyo A Baki

Bashin albasa ne ya gadar mini da kifin teku. Wani abokin cinikina na kasuwar Dantokpa a Kwatano, wanda kayansa suka maƙale tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya a shekarar 2023, da ya rasa abin da zai sallame ni da shi, sai ya ɗoro mini a mota wani akwatin gilashi da ya saya wurin wani Bature mai komawa gida, tare da kifaye biyu masu ruwan goro da ratsin fari, da farin yashi, da buhun gishiri, da wata takarda ta Faransanci mai ɗauke da sharuɗɗa. Suka yi tafiyar kilomita fiye da 700, suka iso mini Malanbil da ransu, da ikon Allah.

Sharuɗɗan nan kuwa sun fi na haya tsanani. Gishiri gram 35 a kowace lita, kuma nasu na musamman, ba gishirin Foga da ake kawo mana daga hayin Gaya ba. Zafin ruwa kada ya wuce digiri 27, a garin da zafin Afrilu yake haura 40 ba tare da neman izinin kowa ba. In ruwa ya ƙafe a cika da ruwan daɗi, domin gishiri ba ya bin tururi. Shi ma yashin ba irin na bakin Kwara ba ne, garin duwatsun murjani ne, kuma a cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya riskarsu: na sama, masu samun iska, su ke sarrafa dafin kashin kifi ya zama mai sauƙin cutarwa, na can ƙasa kuwa, inda iska ba ta kaiwa, su kan tara wata iska ta farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su baƙanta yashin, su zauna lafiya muddin ba a tone su ba. Saboda haka takardar ta yi horo da a tsabtace sama-sama kawai, gwargwadon kaurin yatsa, yanki ɗaya yau, wani yanki wani mako. Wannan babi na karanta shi bayan la'asar. Abin da zan ba da labari da hantsi ya faru.

Ranar Asabar ce, kasuwa ta cika, kuma ranar ce mutanen Gaya za su ƙetaro cikin kwalekwale neman auren 'yar wana, wadda ni ne waliyyinta. Da na dubi akwatin na ga farin yashi ya yi tsatsa-tsatsa, sai na ga bai kamata baƙi masu daraja su zauna gaban ƙazanta ba. Na naɗe hannun riga, na karɓo ludayin uwargida, na shiga tono tun daga sama har ludayi ya ƙwanƙwasa gilashin ƙasa, ina mai yaƙinin cewa duk aikin da za a yi a yi shi da itƙani. Nan take wani baƙin hadari ya taso daga ƙasa ya turnuƙe ruwan, kifaye suka ɓace. Na ce wa yaron gida ya riƙe bokiti ƙasa, na tsoma tiyo, na sa ɗaya bakin a bakina domin in zuƙa sau ɗaya ruwa ya kama hanya ya gangaro da kansa, kamar yadda ƙa'ida take. Na zuƙa, shiru. Yashi ya toshe. Na tattara duk numfashin da Allah Ya hore mini, na rufe ido, na ja.

A daidai wannan lokaci aka yi sallama.

Ya kamata mai karatu ya tsaya nan tare da ni, domin tun ranar nan nake tsaye. Toshewar ta saki a kan harafin farko na sallamar, ta yadda kafin mai sallamar ya kai ƙarshenta bakina ya cika fal da wani abu mai gishiri, mai ɗaci, mai tsakuwa, wanda ba ni da sunan da zan ba shi a gaban mutane masu mutunci. Rabinsa ya wuce maƙogwaro ba da shawarata ba, rabi ya tsaya a kumatu yana jiran hukunci. Amsa sallama dai farilla ce ta kifaya, in mutum ɗaya ya amsa ta sauka daga kan saura; da yaron nan ya buɗe baki ya amsa, da yau ina cikin masu daraja a unguwarmu. Amma ya tsaya riƙe da bokiti yana kallon rawanin baƙo. Ni kuwa, da tarbiyyar shekara da shekaru, wadda ba ta san tiyo ba, sai na waiwaya gaba ɗaya, na fuskanci baffan mai neman auren, dattijo mai farin gemu da farar shadda wadda ko karin guga bai saki ba, na buɗe baki in ba shi hakkinsa.

Na ba shi. Ya fara daga gemu, ya bi ta aikin wuyan riga, ya ƙare a gwiwa. Har yanzu, in na rufe ido, ina ganin wata tsakuwa guda tana gangarowa cikin gemun nan a natse, gashi bayan gashi, har ta faɗa aljihu. Tiyon da na saki kuma, da yake yanzu ya kama hanya yadda ake so, sai ya ci gaba da aikinsa cikin biyayya, yana tsiyaya a kan darduma da takalman baƙi. Sa'an nan warin ya iso. Baƙin nan, da yake mutanen kirki ne masu kunyar surukai, ba wanda ya toshe hanci. Kowa ya sunkuyar da kai yana duban yatsun ƙafarsa, kuma na lura kowa ya ɗan matsa daga na kusa da shi.

Allah Ya saka wa malamin unguwarmu, wanda na gayyato domin fatiha, shi kaɗai ne bai ruɗe ba. Ya gyara zama, ya ajiye carbi, ya dubi rigar dattijo da idon bincike, ya ce, "Jama'a, kada a yi gaggawa, mas'ala ce. Launi dai mun ga ya jirkita, wari mun ji. Saura ɗanɗano. Alhaji, kai ka ɗanɗana, ka ba mu shaida."

Na ce, "Allah gafarta Malam, kifayen na mutuwa." Domin a lokacin sun taso sama suna haki, abin da suke bukata shi ne a tsame su, a dama sabon ruwa, a ba su iska.

Ya ɗaga hannu. "Wannan babi dabam ne, za mu zo kansa." Daga nan ya shiga bayani dalla-dalla, yana lissafawa da yatsu, cewa ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, kuma a Risala ta Ibn Abi Zaid an yi togaciya game da ruwan da ya jirkita saboda ƙasar da yake zaune a kanta, ko gishiri ko baƙin taɓo, tun da kuwa wannan yashi shi ne mazaunin wannan ruwa, to hukuncinsa bai fita daga tsarki ba. Ya juya ga dattijo da fara'ar mai albishir: "Alhaji, rigarka tsarkakakkiya ce. Kana iya limancin azahar da ita."

Dattijo ya matse gemu, ya ce a hankali, "Malam, tsarkin na ji. Warin fa?"

"Wari ba ya cikin masu warware alwala, sai in an tabbatar da mafitarsa." Sai ya bi jama'a da kallo ɗaya bayan ɗaya, aka ƙara matsawa. Game da kifaye kuma ya kwantar mini da hankali cewa in ajali ya yi, dabbar ruwa halal ce ba sai an yanka ba, illa dai bai ga naman da zai kai loma biyu a jikinsu ba. Kuma shawararsa nan gaba in sami Sarkawan bakin kogi su ba ni tarwaɗa guda in jefa ciki, ita ba ta san wani gram 35 ba, kuma in an gaji da kallonta ana iya yin farfesu.

Ina durƙushe ina kamun kifi da ludayi, dattijo ya yi gyaran murya, ya nuna akwatin da haɓa, ya ce, "Alhaji, kafin mu faɗi abin da ya kawo mu: wannan abu, yana cikin kayan ɗakin amarya?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To Malam, a yi fatiha."