Hawan Dutse da Farin Wata

Wasu masu zuwa Kilimanjaro a Tanzaniya sai sun duba kalanda kafin su sayi tikitin jirgi. Dutsen ya kai mita 5,895, kuma zangon ƙarshe da tsakar dare ake fara shi, don a iso ƙoli da ɓullowar rana. Shi ya sa wasu kamfanonin jagora ke tsara tafiya ta faɗo daidai daren sha huɗu. Mutum ya zube dubban daloli, ya yi kwanaki yana hawa yana haki, wai don wata ya haska masa hanya.

Wannan lissafi, a Gummi, Anka da Bukkuyum ko tsohuwa ta san shi ba sai da intanet ba. Fataken da, masu jakuna, sun san wata kan makara da kusan minti 50 kowane dare, da haka suke sa lokacin tashi. Su dai in sun isa akwai kasuwa, akwai gishiri ko goro da za a sauke. Bature mai hawan Kilimanjaro kuwa hoto zai ɗauka ya juyo, kansa na sara saboda ƙarancin iska.

Mu ma ga dutsen Kwatarkwashi nan a Bungudu. Sai dai a Zamfarar yau, farin watan da ya nuna maka hanya shi zai nuna ka ga mutanen daji. Malam, in daren sha huɗu kake marmari, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka sa sakata.