Yadda Mansa Musa Ya Tsiyace a Cikin Kwamfuta

Wasan kwamfuta mai suna Civilization, wanda Ba'amurken nan Sid Meier ya ƙirƙira tare da Bruce Shelley, kamfanin MicroProse kuma ya fitar da shi a shekarar 1991, yana daga cikin wasannin da ake yin su bi da bi, wato mai wasa ya gama motsa duk abin da yake son motsawa, sannan ya danna maɓalli ya ba abokan hamayyarsa dama su yi nasu, kuma kowane irin wannan bayar da dama shi ake kira zagaye. A wasu fitowar da suka biyo baya ana damƙa wa mutum al'umma guda a shekara ta 4000 kafin haihuwar Annabi Isa, ba ta da komai sai ayarin kafa gari da ɗan rakiya, a ce masa ya kai ta shekara ta 2050, ko dai ya cinye duniya da yaƙi, ko ya rinjaye ta da al'adu, ko a zaɓe shi shugabanta a Majalisar Ɗinkin Duniya, ko kuwa ya riga kowa harba kumbo zuwa taurarin Alpha Centauri. Fitowa ta huɗu, wadda kamfanin Firaxis ya haɗa a ƙarƙashin jagorancin Soren Johnson aka fitar a 2005, aka kuma faɗaɗa ta a 2007 da ƙarin da ake kira Beyond the Sword, ita ce ta fi dacewa da wannan bayani, domin a cikinta ne aka ɗana wa masu haɗamar ƙasa tarkon da ya fi kowane kyau.

An raba taswirar wasan gurbi-gurbi, kuma kowane gurbi yana ba da abu uku gwargwadon irin ƙasarsa: abinci, wanda kowane mazaunin gari yake cin kashi 2 nasa a kowane zagaye, guduma, wadda ita ce ma'aunin aikin gini da ƙira, sai kuma ciniki, wanda mai wasa yake rabawa tsakanin binciken ilimi da baitulmali ta hanyar wani ma'auni da ake ɗagawa ko saukewa. A fitowar da ta gabaci wannan, yawan garuruwa riba ne kusan ko da yaushe, shi ya sa 'yan wasa suka riƙa yayyafa su a ko'ina ba tare da tunani ba. Domin maganin wannan ɗabi'a sai Johnson ya ɗora wa kowane gari abin da za a iya kira kuɗin riƙo, wanda yake ƙaruwa da nisan garin daga fada, yake kuma ƙaruwa da yawan garuruwan daular gaba ɗaya, ta yadda sabon gari ba nasa kuɗin kaɗai yake jawowa ba, har tsofaffin ma yana ƙara musu tsada. Wannan doka a rubuce take a cikin kundin bayanin da ke cikin wasan, kuma tarihin wani mai wasa, wanda aka sakaya sunansa saboda yana da iyali, ya isa ya nuna abin da ke faruwa ga wanda ya ɗauki karanta kundin a matsayin ɓata lokaci.

Wannan bawan Allah ya zaɓi daular Mali, wadda Mansa Musa yake jagoranta a wasan daga fadarsa ta Timbuktu, kuma zaɓin ba shi da aibi, domin an ba wannan sarki baiwar kuɗi, wato duk gurbin da yake ba da ciniki 2 ko fiye sai a ƙara masa 1, an kuma ba shi 'yan baka masu ƙarfi 4 alhali na sauran al'ummomi ƙarfinsu 3 ne. Ya kuma zaɓi mataki na huɗu daga cikin matakan wahala tara, inda kwamfuta ba ta da wani fifiko a kansa, shi ma ba shi da wani a kanta, saboda haka babu wanda za a ɗora wa alhakin abin da ya biyo baya sai mai riƙe da linzamin.

Asararsa ta farko ƙarama ce. Ayarin kafa gari yana cin guduma 100, garin da yake haɗa shi kuma ba ya girma har sai ya gama, ga shi ayarin ba shi da ƙarfin kare kansa ko kaɗan. Shi kuwa mai kulkin da zai raka shi guduma 15 kacal yake ci. Mai wasan ya lissafa, ya ga 15 ɗin nan almubazzaranci ce, ya tura ayarin shi kaɗai cikin dajin da ba a taɓa leƙawa ba, inda a farkon wasa zakoki da kyarketai suke yawo a wajen iyakokin ƙasa. Da yake kowane zagaye a wannan zamani shekara 40 ne, aikin da mutanen Timbuktu suka yi ƙarnoni suna yi ya zama abincin rana na zaki guda, kuma har yau mai wasan yana ganin an yi masa rashin adalci ne.

Daga nan sai ya ɗauki darasin da bai kamata ba, wato ya ƙudurta cewa maganin rasa ayari ɗaya shi ne a haɗa da yawa. Ya kafa Jenne a bakin kogi, abin da babu mai kushe shi, ya kafa Kumbi Saleh kusa da tagulla, shi ma daidai ne, sannan idonsa ya buɗe. Ya kafa Gawo a tsakiyar hamada saboda ya hango turare a can, ya kafa Walata a gefen ƙanƙara saboda kada wani ya riga shi, ya kuma kafa Niani a can ƙarshen nahiya, a ƙofar gidan maƙwabcinsa, bisa hujjar cewa taswirar ta fi kyan gani idan launin Mali ya taɓa teku. Ƙa'idar da masana wasan suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, gari ba ya amfani sai yana da tushen abinci a cikin gurabe 20 da yake iya nomawa, kamar masara ko alkama ko kifi ko shanu, kuma sai an bi shi da lebura wanda zai gyara ƙasar ya shimfiɗa hanya. Garuruwan nan uku na ƙarshe babu wanda yake da abinci, babu wanda lebura ya taɓa takawa, kowanne yana zaune da mutum ɗaya yana cin kuɗin riƙo, kamar mutumin da ya yi ta sayen awaki a kasuwa bai tanadi ko ƙunshin harawa ba.

Baitulmali ba ya yin ƙara idan yana mutuwa, lamba ce kawai a kusurwar allo take sauya launi. Mai wasan ya sauke ma'aunin bincike daga kashi 100 zuwa 70, daga nan zuwa 40, yana gaya wa kansa cewa na ɗan lokaci ne, har aka kai inda wasan da kansa ya riƙa sauke masa ma'aunin ba tare da neman izini ba, kamar yadda yake yi wa duk wanda taskarsa ta ƙare. Abin takaicin shi ne magungunan cutar duk a cikin ilimi suke. Ilimin tsara dokoki shi yake ba da damar gina kotu, wadda take rage kuɗin riƙon gari da rabi. Ilimin kuɗi yana ƙara wa kowane gari hanyar fatauci guda ya kuma buɗe kasuwa. Amma wanda bincikensa ya koma sifili ba zai kai ga ko ɗaya daga cikinsu ba, saboda haka sai daular ta zauna ƙarni bayan ƙarni tana jiran maganin da ba ta da kuɗin ganowa. Mansa Musa na tarihi, wanda ya ratsa Alƙahira a hanyarsa ta hajji a 1324 ya raba zinariya har darajarta ta faɗi a Masar, shi ma sai da ya ci bashi wurin 'yan kasuwar birnin kafin ya koma gida, sai dai shi aƙalla ya sauke farali, ya kuma bar labari.

A daidai wannan hali ne mai wasan ya yanke shawarar gina Dalar Masar. Gine-ginen al'ajabi a wasan nan guda ɗaiɗai ne a duniya, wanda ya riga gamawa shi ke da shi, ita kuma Dala tana cin guduma 500, sai dai wanda yake da dutsen gini yana yin ta cikin rabin lokaci. Mali ba ta da dutse. Timbuktu ta ajiye rumbu, ta ajiye ɗakin karatu, ta ajiye 'yan baka, ta duƙufa a kan Dala, aka sassare dazuzzukan kewaye aka zuba a ciki, kuma ana saura ƙiris a kammala sai sanarwa ta fito cewa an gama ta a wata ƙasa mai nisa. A nan dokar wasan ta yi masa wani jinƙai mai kama da izgili, domin gudumar da aka zuba a ginin da wani ya riga gamawa ana mayar wa mai ita da zinariya. Ƙwararru suna yin haka da gangan don su tara kuɗin bincike. Shi kuwa wannan ne karo na farko da gwamnatinsa ta ga rarar kuɗi, kuma ta same ta ne ta hanyar faɗuwa.

Da ya zuba kuɗin nan a binciken dokoki da labarin ya sauya, amma sai ya kafa wani garin.

Akwai hanyar arziki da take gabansa tun farko, wato bukka, wadda lebura yake ginawa bayan an gano ginin tukwane. Bukkar da ake nomawa tana zama tunga bayan zagaye 10, tunga ta zama ƙauye bayan 20, ƙauye ya zama alƙarya bayan 40, kuma kowane mataki yana ƙara ciniki. Ga Mansa Musa kuwa bukkar bakin kogi tun ranar farko tana ba da 3, saboda baiwar da aka ambata. Mai wasan ya gina 'yan kaɗan a Jenne, suka fara girma, sai ya gaji da yi wa leburori umarni ya miƙa su ga kwamfuta su yi aiki da ra'ayinsu, ba tare da ya kunna zaɓin da yake hana su taɓa tsohon aiki ba. Leburorin suka duba ƙauyukan da aka yi shekaru ɗaruruwa ana reno, suka ga gona ta fi dacewa da wurin. Ya kuma gano tsarin bauta, wanda sanin tagulla yake buɗewa, inda ake sadaukar da mutum ɗaya na gari a sami guduma 30 nan take, a kan farashin fushin jama'a na zagaye 10. Wannan makami ne mai ƙarfi a garin da yake da rumbu da yalwar abinci, domin mutanen suna dawowa da sauri, kuma da shi ake gina kotuna da runduna. Shi kuwa ya yi ta maimaita shi a gari ɗaya, fushi yana hawa kan fushi, har ragowar mazauna suka daina fita gona.

Maƙwabcin da Niani ta tokare wa ƙofa shi ne Montezuma na Aztek, wanda duk wanda ya taɓa wannan wasa ya san ba a rabuwa da shi lafiya. Sarakunan da kwamfuta take sarrafawa suna auna ƙarfin sojan kowa kafin su zaɓi wanda za su far wa, kuma akwai jadawali a cikin wasan da yake nuna wannan ƙarfi ga mai son dubawa. Montezuma ya aiko yana neman a ba shi kyauta, irin kyautar da ba a cewa a'a, mai wasan ya ƙi cikin izza, alhali sojojinsa sun shiga yajin aiki, wato halin da wasan yake sallamar mayaƙa ɗaya bayan ɗaya idan taska ta ƙare kuma kuɗin fita ya fi na shiga. A wannan fitowa ana iya tara mayaƙa ko nawa ne a gurbi guda, saboda haka abin da ya bayyana a bakin iyaka kamar mutum ɗaya ne, sai da aka ɗora alamar linzami a kansa jerin sunayen ya sauko har ƙasan allo. Maganin irin wannan tuli shi ne na'urar jifa da duwatsu, wadda take raunata mayaƙa da yawa a hari ɗaya, amma tana buƙatar ilimin gine-gine, Mali kuwa ba ta kai can ba. Aka umarci kowane gari ya fara horar da 'yan baka, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya.

Niani ta faɗi, Walata ta bi ta, Gawo ma haka, kuma a nan ne abin mamaki ya faru, domin da faɗuwar kowane gari sai lambar da ke kusurwar allo ta ɗan farfaɗo. Kuɗin nisa ya tafi, kuɗin yawan garuruwa ya ragu a kan waɗanda suka saura, yajin aiki ya ƙare, ma'aunin bincike ya tashi daga sifili, 'yan bakan Mali kuma, da aka tara su a kan tudun Kumbi Saleh, suka tare rundunar da ta riga ta gaji. Gyaran tattalin arzikin da mai wasan ya kasa yi cikin dubban shekaru Montezuma ya yi masa shi cikin 'yan zagaye, ya kuma kwashi ɗawainiyar hamada da ƙanƙara ya ɗora wa kansa. Da garuruwa uku masu abinci da bukkoki daular ta gano dokoki, ta gina kotuna, ta shiga musayar ilimi da sauran sarakuna, sai dai ta makara ƙwarai, kuma lokacin da take murnar gano bindiga wasu suna haɗa sassan kumbo.

A ƙarshen kowane wasa ana auna makin mai wasa a kwatanta shi da wani shugaba na tarihi, daga Augustus Kaisar na Rum a sama har zuwa Dan Quayle, mataimakin shugaban Amurka daga 1989 zuwa 1993, a can ƙasa, kuma wannan na ƙarshen aka ba mai mulkin Mali. Ya karɓi hukuncin da haƙuri har sai da ya duba sunan da ke samansa da mataki ɗaya, ya ga Ethelred ne, sarkin Ingila wanda tun daga 991 ya riƙa biyan maharan Viking azurfa domin su ƙyale ƙasarsa. Tun daga ranar yake jayayya cewa ba daidai ba ne a fifita wanda ya biya a kan wanda ya ƙi biya, kuma ya rubuta ƙorafi mai shafi da yawa a kan haka, wanda iyalinsa kaɗai suka saurara, su ma don ba su da hanyar fita daga ɗakin.