Na Shiga Gidan Yari da Kuɗina

Taubashi,

Ina Gwaggo, ina Hajiya Kaka da ƙafarta, ina yara. Saƙonninka na WhatsApp duk na saurara, har da wanda ka manta ba ka kashe ba kana ta rantsuwa a gaban mai rake a kan naira hamsin. Maganar filin nan ina nan a kan bakana. Bikin Auta ku yi yadda Kawu ya ce, kasona na nan tafe ƙarshen wata. Kuɗin shara kuwa kada ka ƙara tayar da shi, duk dangi sun san wanda ake bi. To mun gama da wannan. Kira Gwaggo ta jawo kujera, labarin da ke tafe ba na tsaye ba ne.

Na shiga gidan yari.

Kafin ta yar da muciya ta hau salati, gaya mata da ƙafata na je, da kuɗina kuma, har layi na bi. A nan San Faransisko akwai wani tsibiri na dutse a tsakiyar ruwa, kamar kilomita biyu daga gaɓa, ana ce masa Alkataraz. Daga 1934 zuwa 1963 nan gwamnatin tarayyar Amurka ke kai fursunonin da suka gagari sauran gidajen yari. Yau babu fursuna ko ɗaya, amma mutum sama da miliyan ke zuwa duk shekara, kowa da tikitinsa. Kuma tikitin ba ka tashi da safe ka ce yau gidan ɗan Kande nake sha'awa. Idan lokacin hutu ya zo, sai ka kama wuri a intanet tun da sauran kwanaki. Na taɓa ɗaukar wata mata da mijinta daga filin jirgi, tana ta share hawaye a kujerar baya. Na ɗauka rasuwa aka yi musu, har na rage rediyo. Ashe gidan yari ne ya cika, ba su samu shiga ba. Wallahi Taubashi ban san irin jajen da ake yi wa wannan ba. Na ce Allah ya sa rabonku na gaba, mijin ya yi mini godiya har da ƙarin dala biyar.

A wajenmu gona ake sayarwa a fito da mutum. Su nan asusu ake yi a shigar da iyali gaba ɗaya, har da jariri a keken turawa.

Jirgin ruwan yana tashi daga mashiga mai lamba 33. Tun kafin ka hau za a tsayar da kai gaban wani ƙaton hoton tsibirin a ɗauke ka, idan ka dawo a sayar maka da fuskarka. Ka sauka kuma ba a gama da kai ba, sai ka hau tudun da suka ce ya kai bene hawa 13. Tsofaffi na haki, 'ya'yansu na turo su, kowa na sauri kada a riga shi. Da ka isa, a ɗakin wankan fursunoni za a rataya maka wata na'ura a wuya a toshe maka kunnuwa, muryoyin tsofaffin gandirobobi da tsofaffin fursunoni su riƙa ce maka yi hagu, tsaya nan, dubi sama. Akwai harsuna iri-iri, na tambayi ta Hausa, yarinyar da ke raba su ta duba takardarta da gaske kafin ta ba ni haƙuri. Sai ka ga mutum ɗari a lungu ɗaya, babu mai ce wa wani uffan, can kuma duk su juya tare su zuba wa bango ido. Ko gandirobobin da ba su samu irin wannan biyayya ba.

Ɗakin kowane fursuna ƙafa 5 ne a ƙafa 9. Gadon ƙarfe, wurin wanke hannu, masai, da wani ɗan tebur manne da bango. An bar kaɗan a buɗe don baƙi, kuma nan ne rigimar take. Layi ake yi a shiga. Mutum zai kama ƙarafan da hannu biyu, ya ɓata rai, ya langaɓe kai, matarsa ta ɗauka, ya fito ya duba ya ce bai yi kama da mai baƙin ciki sosai ba, a sake. Na ga wata amarya, don har da zobe sabo tana ta juya shi, ta tura ango ciki ta tsaya tana dariya har da riƙe ciki. Na ce a raina wannan yaro an nuna masa tun da wuri, shi ne bai gane ba. Akwai kuma ɗakunan horo, masu ƙofar ƙarfe, inda ake jefa mai taurin kai cikin duhu. Su ma shiga ake yi, a fito ana cewa kai, abin ya yi daɗi. Sannan akwai zagayen dare, shi ya ma fi tsada. Ka ji fa: ɗaurin rana kuɗinsa daban, na dare daban.

Babban baƙon gidan shi ne Al Kapon, uban 'yan daban Shikago. Duk jinin da aka ce yana hannunsa ba shi ya kai shi ba, haraji ne. A 1931 aka ɗaure shi kan ƙin biya, a 1934 aka kawo shi nan, ya ƙare yana kaɗa banjo a ƙungiyar makaɗan fursunoni. Wannan na faɗa ne don kai, mai rufe shago ya tafi alwala duk sanda masu rasit suka shigo layi.

Abin da ya fi ɓata mini rai ɗakin cin abinci ne. Har yau allon karin kumallon ranar ƙarshe, 21 ga Maris 1963, yana nan a sama: ƙwai, madara, burodi da bota, da dafaffun 'ya'yan itace. Ina gabza? Na tsaya na karanta shi a tsanake, ni da na fito da ruwan shayi da gayan burodi a ciki. Gaskiya dai a saman rufin akwai gwangwanayen barkonon tsohuwa da aka maƙala saboda ko ta kwana, kuma a kicin an zana siffar kowace wuƙa a inda ake rataye ta, don a gane da zarar ɗaya ta yi ƙafa. Gwaggo ta ɗauki wannan dabarar, ko a gano mai kwashe mata cokula.

Cokula ma su ne kan labarin. Kafin su gudu a watan Yunin 1962, wasu mutum uku, Firank Moris da 'yan'uwa biyu 'yan gidan Angilin, sun shafe watanni suna ƙwaƙular bango da cokali ta wajen ramin shan iska. Suka ƙera kawunan ƙarya da sabulu da takarda, suka manna musu gashin da suka tsinto a wurin aski, suka kwantar a kan matashi suka ja bargo. Suka haɗa rigunan ruwa sama da hamsin suka yi kwale-kwale. Gandiroba na ta zagaye cikin dare yana ƙirga kawunan sabulu. Da gari ya waye babu su babu dalilinsu, kuma har yau ba a ga gawa ba, ba a ga mai rai ba. Na duba kan da aka ajiye a gadon, na ce da kai ne a cikinsu da shirin ya rushe, don sabulun gidan kaf ba zai isa a ƙera irin naka ba, kuma gashin da za a nema kaɗan ne.

Ba gudun nan kaɗai ya rufe gidan ba, tsada ce. Ko ruwan sha sai an yi dakonsa a jirgi, ga gishirin teku na cin ginin, kuɗin riƙe fursuna ɗaya ya kusa ninka na sauran gidajen sau uku. A 1969 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, suka mamaye tsibirin wata 19 suna neman haƙƙinsu, rubutunsu da jan fenti na nan a jikin tankin ruwa. A 1973 aka buɗe wa 'yan kallo, gidan da ya gagara ciyarwa ya koma shi ke kawo kuɗi. Kada ka ce an gama: duk shekara akwai masu biya a kai su kusa da tsibirin a jirgi, su faɗa ruwan nan mai sanyin ƙanƙara su yi iyo zuwa gari, a ba su lambar yabo. Abin da a da ake harbin mutum a kai.

Wuri ɗaya ne dariyata ta tsaya. Wani tsohon fursuna a cikin na'urar ya ce a daren sabuwar shekara, idan iska ta juyo, suna jiyo kiɗa da dariyar mata daga gaɓa, gari na nan a gabansu kamar su miƙa hannu. Na zare abin daga kunnena na ɗan yi kamar ina gyara hula. Ka san awa takwas kuke gabanmu, tara idan sanyi ya shigo. Ranar Sallah da ka kira ni daga filin Idi, ni tsakar dare ce, ina fake a bakin wani otal ina jiran fasinja, ina jin kabbara da algaita da muryar Kaka tana tambayar ko na ci tuwo. Na ce mata na ci. Da na koma Okland, inda nake haya da wani Basanagale da wani ɗan Yaman, na auna ɗakina da ƙafa. Na fi Al Kapon da taku biyu. Shi tagar gidansu na kallon teku, tawa bangon maƙwabta, kuma shi ba a taɓa ƙara masa kuɗin haya ba. Amma makulli na aljihuna, a gaya wa Kawu, kuma motar da nake ja saura kaɗan ta zama tawa.

Sauran wuraren bari in bi da kai a guje, yadda nake bi da fasinja. Gadar Goldin Get, wadda aka buɗe a 1937, tsawonta ya kai kilomita 2.7, ja ce mai ruwan goro, kuma masu fenti ba sa rabuwa da ita. Kyau kam tana da shi idan ta ga damar fitowa. A watan Yuli da Agusta hazo ke tasowa daga teku ya haɗiye ta, sai ka ga baƙi da gajeren wando suna kaɗuwar sanyi, suna ɗaukar hoton farin banza suna cewa tana nan a ciki. Masu sayar da rigunan sanyi a bakin ruwa da wannan hazon suke aurar da 'ya'yansu. Titin Lombad kwana takwas gare shi a gangare ɗaya, motoci na layi don su sauka a hankali, ni da nake neman na abinci sai fasinja ya ce lallai ta nan. Akwai taragon da igiyar ƙarfe ke ja ta ƙarƙashin titi tun 1873, idan ya kai ƙarshen layi ma'aikata su sa kafaɗa su juya shi da hannu, jama'a na tafi. A gari ɗaya fa da motocin da ke yawo babu direba. Ranar da na fara tsayawa kusa da ɗaya a danja na yi mata sallama don ladabi, tunda abokiyar sana'a ce.

A mashiga ta 39 kuma na gan ka. Wasu dabbobin ruwa ne da suke kira zakin teku, suka fara hawa katakon da ake ɗaure jirage a 1989, suka ƙi tafiya, har masu jiragen suka haƙura suka bar musu wurin. Ɗaruruwa ne, sun baje tumbi a rana, wannan kan wancan, ba aikin fari ba na baƙi, sai gurnani idan an taɓa su. Kwanciyarka sak a zauren Kawu bayan tuwon dare. Bambancin kawai su ana zuwa kallonsu daga Japan.

Shi ya sa na kawo mana sana'a. Ɗakin nan na bayan turken awaki, inda Kawu ke kulle mu idan mun gudu daga makarantar allo, kada a rushe shi. A share, a bar dorinar a rataye, a sa kwano ɗaya da tabarma. A Alkataraz na ga ana kawo tsohon fursuna ya zauna a kanti yana sa hannu a littafinsa, to kai ne namu, tunda ka fi kowa daɗewa a ciki. Za ka nuna musu ramin da muka fara haƙawa da ludayin Gwaggo. Na rana dubu biyu, na dare dubu biyar saboda sauro. Ni ne mai kawo Turawa, kaso biyu nawa, ɗaya naka.

Tsaraba na nan wurin mai zuwa Kano wata mai kamawa. Kaka na saya mata kofin ƙarfe irin na fursunoni, a ce mata mijinta na Amurka bai manta da ita ba, ta sha kunu da shi ta daina cewa na yi mata kishiya. In zai dawo a haɗo ni da kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya da yajin Gwaggo mai yawa. Kilishi kada ku wahalar da kanku, kwastam ɗinsu ba sa barin nama ya shigo, karensu ne zai more.

Sai hoton. E, ni ma na shiga na kama ƙarafan, na ɓata rai, wani ɗan Koriya ya ɗauke ni, kuma ya yi kyau. Na turo maka don ka nuna wa Gwaggo da Kaka kawai. Idan ya kuskura ya kai gidan su yarinyar nan kafin a kai kuɗin gaisuwa, na san ta wayar da ya bi, kuma babanta zai ji labarin wanda ya cinye ragowar kazar amarcin Yaya.

Taubashinka,
kuma ubangidanka ko ka ƙi ko ka so.