Zuwa Ga Bazazzagi Mai Ƙaton Ukulele

Gaisuwa mai yawa zuwa ga yaron gidanmu na Zazzau, malamin makaranta mai ritaya, wanda tun da aka yanke masa cibi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ka miƙa mini jaje ga maƙwabtanka na Samaru, domin labarin abin da kunnuwansu ke sha tsakanin la'asar da magariba ya iso Kano, har an zauna a kansa a majalisarmu.

An ce tun da ka ajiye alli ka rasa wanda za ka yi wa lacca, sai ka ci karo da bidiyon mutanen Hawai suna kaɗa 'yar jitar nan tasu mai tsirkiya huɗu, ukulele, ka rantse kai ma sai ka iya. Babu laifi, gemu ba ya hana ilimi. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen saye. Ɗanka da ke karatu a waje ya turo maka hotunan iri huɗu ya ce ka zaɓa, ka gyara tabarau, ka dangwala yatsa a kan wanda ya fi kowanne girma. Da Hajiya ta ce ko za ka nemi shawara, sai ka ce mutum mai matsayinka ba zai rungumi abin wasan yara a gaban surukai ba. Girman kai rawanin tsiya. Da Bakano ne, kafin ya fitar da sisi sai ya san tsawon abin, da nauyinsa, da nawa za a saya in ya tashi sayarwa.

Tunda ku Zagezagi ba ku yarda da magana sai an liƙa mata shekara, ga shekarun. A watan Agusta na 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke mutanen tsibirin Madera na ƙasar Fotugal a Honolulu, an kawo su ƙwadago a gonakin rake. Ka ga ashe kana da gado a ciki, kai da aka yaye ka da raken Maƙarfi da mazarƙwaila. A cikin fasinjojin akwai kafintoci uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da Jose do Espirito Santo, waɗanda suka san ƙirar ƙananan jitocin garinsu. Su suka riƙa sassaƙa irinsu da itacen koa na Hawai har aka sami ukulele. Sarki Kalakaua, wanda ya mulki Hawai daga 1874 zuwa 1891, ya so abin ƙwarai, ya shigar da shi fada ana kaɗa wa manyan baƙi. Daga babban baje kolin San Faransisko na 1915 ya bazu cikin Amurka. To, wanda sarki guda ya ɗauke shi abin fita kunya a gaban baƙi, ƙaramin nan ne da ka kira abin wasan yara. Manyan duk daga baya aka ƙirƙiro su, naka ma shi ne autansu, sai a shekarun 1940 ya bayyana.

Ga su nan a jere, ka ɗauko biro. Sofarano shi ne na asali, tsawonsa kamar santimita 53. Konsat na bi masa da kamar 58, teno kamar 66, sannan bariton ɗinka mai kaiwa 76. Amma tsawon jiki ba shi ne abin dubawa ba, Malam. Abin dubawa shi ne tsawon tsirkiyar da ke rawa in an kaɗa, daga jakin da take hawa a kan ciki zuwa ɗan ƙashin da ke ƙarshen wuya. A sofarano santimita 33 ne, a konsat 38, a teno 43, a bariton kuwa 48 zuwa 51. Wannan awon shi ke yanke faɗin gidajen da ke wuya, wato filin da ke tsakanin 'yan ƙarafunan nan da aka gicciya, inda yatsa ke dannawa. Gidan farko na sofarano bai cika santimita 2 ba. Na konsat ya ɗan haura 2, na teno ya doshi 2 da rabi, naka ya kusa 3. Bambancin a takarda kamar ba komai ba ne, amma hannun hagu ya san shi. Shi ya sa ake ganin kana buɗe yatsu har jijiyar wuyanka na tashi, ɗan ƙaramin yatsanka yana miƙa yana neman gida na huɗu bai same shi ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar tana wajen ɗaurin tsirkiya. Sofarano da konsat da teno ɗauri ɗaya ake yi musu, daga sama zuwa ƙasa G, C, E, A, kuma tsirkiyar sama ta fi wadda ke bi mata siririyar murya, abin da ke ba ukulele zaƙin nan nasa mai tsalle. Bariton kuwa D, G, B, E ake ɗaure shi, daidai da siraran tsirkiyoyi huɗu na jita. Kusan duk darussan 'yan koyo da ke YouTube da littattafan farawa, da ɗaurin farko aka shirya su. Malamin bidiyo zai ce ka sa yatsa ɗaya a gida na uku na tsirkiyar ƙasa, ka shafo duka huɗun, ka sami C. Kai ma ka sa yatsa a wurin, ka shafo, sai naka ya ba ka G. Shi yana gabas kana yamma, kuna kaɗawa tare, kajin gidan na watsewa. Maimakon ka tsaya ka binciki kayanka, sai aka ji ka kana faɗa wa Hajiya wai yaron bai ƙware ba, za ka rubuta masa takardar gyara da jan biro. Kai, Bazazzagi! Ko kiɗan Hawai ma sai kun gyara wa masu shi.

Na san jikanka ya gano maka dabara, wai akwai wani ɗan maƙalli da ake matse wuyan da shi a gida na biyar, sai bariton ya koma G, C, E, A. Gaskiya ne, yaron ya fi kakansa kai. Sai dai ka yi lissafi, tunda ka koyar da shi. Matse gida na biyar yana cinye kashi ɗaya cikin huɗu na tsirkiya. In ka cire rubu'i daga santimita 51, abin da ya rage 38 ne, wato tsawon konsat cif. Ka biya kuɗin dogon wuya, ka biya dakon ƙaton kwali daga ƙetare, sannan ka sake sayen ƙarfen da zai mayar maka da shi ƙaramin da ka ƙi tun farko. A Kantin Kwari in yaron shago ya yi irin wannan ciniki, ranar zai koma ƙauyensu.

Sai kuma hujjarka ta biyu, wai hannunka babba ne. Na ga hannun nan shekara da shekaru a cikin kwanon fate, ban ga abin da ya fi na mutane ba sai sauri. Kuma ko da babba ne, faɗin wuyan sofarano da konsat da teno kusan ɗaya ne a yawancin ƙira, wajen santimita 3 da rabi, saboda haka tazarar tsirkiya da tsirkiya ba ta canzawa sosai. Mai kaurin yatsu faɗin wuya zai tambaya, akwai masu kusan santimita 4. Ka nemi hoton Israel Kamakawiwo'ole, mawaƙin Hawai da faifansa Facing Future na 1993 ya zaga duniya. Nauyinsa ya taɓa haura kilo 300, in ya rungume ukulele sai ka nemi abin ka rasa a ƙirjinsa, amma teno yake kaɗawa, bai ce sai bariton ba. Da ya rasu a 1997, a ginin majalisar jihar aka ajiye gawarsa jama'a suka yi bankwana da shi. Jake Shimabukuro, wanda bidiyonsa na 2006 ya sa duniya ta daina raina ukulele, shi ma teno yake riƙewa, ƙirar gidan Kamaka da ke wannan sana'a a Honolulu tun 1916. Kai da ka girma kana jin Ɗan Maraya Jos a rediyo ai bai kamata a yi maka wannan bayani ba. Kuntigi nawa yake? Tsirkiya ɗaya ce a kan ɗan gwangwani, da ita ya shiga ƙasashen da kai sai a taswirar aji ka nuna su.

Kada ka ce na yi wa bariton sharri. Kaya ne mai kyau, muryarsa mai kauri ce da sanyi, kuma wanda ya riga ya iya jita zai ɗauke shi yau ya kaɗa yau, domin kamun yatsun iri ɗaya ne. Kai kuwa jitar da ka taɓa riƙewa ita ce ta hoton da kuka ɗauka a situdiyo zamanin kuna samari. Teno ma ban ce ka fara da shi ba. Tsirkiyarsa ta fi tsauri saboda an ja ta da nisa, tana cin kan yatsun ɗan koyo, ga shi ya fi tsada. Na masu hawa dandamali ne da masu son tsinkar sauti ɗaya-ɗaya har can ƙasan wuya. Sofarano shi ne mai araha, marar nauyi, mai ainihin muryar Hawai, kuma shi ya dace da yara da masu siraran yatsu. Ga dattijo irinka da ke farawa, konsat ne daidai ruwa daidai tsaki. Ɗaurinsa ya yi daidai da na malamin bidiyo, gidajensa sun ishi yatsa ya zauna, tsirkiyarsa ba ta da tsaurin teno, kuma cikinsa ya fi na sofarano ba da amo.

In kana so ka tabbatar da kanka, tunda ba ka yarda da maganar Bakano, ga gwaji. Ka riƙe abin a ƙirji, damtsen dama ya danne cikinsa. Ka jera yatsu uku, manuni da na tsakiya da mai bi masa, a gida na biyu na tsirkiyoyi ukun sama, wato kamun D. In sun shiga sun zauna, kowace tsirkiya ta fita tas ba ta dushe ba, girman ya yi maka. In suna hawan juna, ɗaya na ture ɗaya, ka matsa zuwa na gaba. Minti biyu ya isa, ba sai an kafa kwamiti ba.

Kuma don Allah kada haushi ya sa ka faɗa Sabon Gari ka sayo na roba mai hoton zomo, a ce tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Ka duba tsayin tsirkiya daga wuya a gida na 12, kada ya wuce milimita 3, in ba haka ba yatsunka za su yi ƙanta kafin ka iya kamu uku. Ka kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a gida na 12 ka sake kaɗawa: sauti ɗaya ya kamata ka ji, na biyun dai ya fi siriri. In ya kauce, mai yiwuwa an yi kuskuren awo tun a wajen ƙira, babu ɗaurin da zai gyara shi. Ka shafa babban yatsa a gefen wuyan ka ji ko bakin ƙarafunan na karta. Ka zaɓi mai kunnuwan ɗauri masu haƙori, waɗanda ba sa sulluɓewa. Sabuwar tsirkiyar nailan kuwa takan yi mako ɗaya ko biyu tana saki kafin ta zauna, sai ka yi ta ɗaurewa kullum. Na faɗa maka tun yanzu don kada ka rubuta wa masana'anta wasiƙar ƙorafi mai shafi tara.

Akwai kuma abin da mutanen Honolulu ba su sani ba, mu muka sani, wato hunturu. Su a tsakiyar teku suke, itacensu ya saba da laima, kuma masu ƙira sukan so danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. Iskar da ke fasa maka leɓe da diddige a watan Janairu ba za ta ƙyale siririn katako ba. Ukulele na tsantsar itace yana iya tsagewa a fuska, wuyansa ya ƙanƙance har ƙarafunan su leƙo. Wanda aka yi da falle-fallen katako da aka manne ya fi jure bushewa, ga shi ya fi araha. Na san kalmar araha tana yi maka ƙaiƙayi, amma ka daure. Ka riƙa mayar da shi jakarsa in ka gama, kada ka jingine shi a taga, kada ka bar shi a bayan mota da rana.

Saura batun ƙaton da ke hannunka. Zumunci ya hana in bar ka da asara. Ranar Asabar ka naɗe shi a zane, ka hau motar Kano a Kwangila, ka biya masa kujera guda don kada a ɗora masa buhun masara. Zan karɓe shi a rabin kuɗinsa. A cikin rabin zan cire ladan wannan shawara, da kuɗin ajiya, da la'adar dillalin da zai nemo mai jitar da zai saya, wanda ni ne. Abin da ya rage zan cika maka da gurasa bandashe, ka ci ka san ka zo birni. Hajiya kuma ka gaya mata ta kwantar da hankalinta, kunnuwanta za su huta mako biyu kafin konsat ya iso.

In ka ga dama ka mayar da martani, na san biro na hannunka tun sakin layi na biyu. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya wuce shafi biyar, kuma ban da Turanci.

Naka,
Ubangidanka na Kano.