Jif ɗin tsohuwa mai zuwa coci

Ranar Talata da asussuba, ko alwala ban yi ba, wani ƙanena a nan Toronto ya buga mini waya: "Yaya, don Allah kana da igiya?" Jif ɗin da ya saya dala 2,800 a shafin Kijiji ce ta yi sujada a lambatu, ga 4x4 ɗinta ɓaro-ɓaro a baya yana kallon sama.

Duk Nuwamba haka mutanenmu suke. Dusar ƙanƙara ta farko tana sauka, kowa sai ya tashi neman akwalar da za ta fitar da shi hunturu, sharaɗinsa ɗaya: ta kasance mai jan taya huɗu. Birki, salansa da hita kuwa, an bar wa Allah.

Na tambaye shi wa ya sayar masa. Ya ce ai motar wata tsohuwa ce, coci kawai take zuwa da ita ran Lahadi. Na leƙa mita: kilomita 340,000, mota 'yar shekara 16. Na buga lissafi a waya, hannuna yana karkarwa don sanyi. Kowace Lahadi wannan baiwar Allah tana cin kilomita 400 da 'yan kai, wato kusan Kano zuwa Kaduna, ta juyo. Duk cocin da ke Toronto babu wanda ya yi mata. Tun daren Asabar take kama hanya, da tasbaha a hannu ɗaya, sitiyari a ɗaya. Ga ƙugiyar jan tirela a baya, kila limamin take ɗaukowa da mumbarinsa. Toka cike da mazubin sigari, don wa'azin yana da tsawo. Kuma rabin akwalolin da ke Facebook Marketplace nata ne. Ni dai ina son a haɗa ni da tsohuwar nan, in gaishe ta, in roƙe ta ta daina sayar wa 'yan uwana mota.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne tayoyin. Sumul suke, babu zane ko na rantsuwa. Jan taya huɗu yana taimakon tashi ne, ba ruwansa da tsayawa, kuma da sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 robar tayar bazara ta sandare. A Kwibek dole ne ka sa tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontario ba dole ba ne, har ragin inshora ake yi wa wanda ya sa, amma namu ya gwammace ya sayi sitika da turaren mota, ya zuba 'ya'yansa uku a baya, ya hau titin 401 yana wuce motar share dusa. Wannan kam ba abin dariya ba ne.

Da muka ciro jif ɗin, bakanike ya ɗaga ta sama, ya taɓa cikinta da sukudireba, sai ga gari yana zubowa. Gishirin da ake watsawa a titi ya gama da ita tuntuni. Ƙanen nawa bai damu ba, wai zai sa ta a kwantena zuwa Kwatano. Saboda haka jama'ar gida, ku buɗe ido. In dillali ya daki bonet ya ce, "Alhaji, wannan ba tsatsa ba ce, jar ƙasar Kanada ce," to ku durƙusa ku leƙa, ko da babbar riga kuka zo.